Hoton Kyamarar Renjifainda Ba Ya Fitowa Garau: Yadda Ake Gano Inda Laifin Yake

A kyamarar renjifainda, irin su Leica M3, Canon P, Zorki 4 ko Yashica Electro 35, idonka ba ya leƙawa ta cikin lens ɗin da zai ɗauki hoton. Ta wata 'yar taga daban kake gani, kuma abin da ke sanar da kai cewa fokas ya zauna shi ne ɗan tabon nan mai haske a tsakiya, inda hoto biyu ke haɗuwa su koma ɗaya. Tabon kan haɗu daidai wa daida, a wanke fim kuma hoto ya fito dishi-dishi, domin tabon bai san abin da ke sauka kan fim ba. Motsin wani ɗan hannun ƙarfe kawai yake bi. Wannan na'urar auna nisa, hannun da tabon, ita za mu riƙa kira ma'auni.

Cire lens daga Leica ka leƙa bakin kyamarar ta sama, za ka ga 'yar rola a ƙarshen wani hannu mai sifirin. A gindin lens akwai zoben ƙarfe da ke jingine da rolar. Idan ka murɗa fokas, zoben ya matsa gaba ko baya, hannun ya bi shi, wani gilashi ko madubi ya juya a ciki, hoto na biyu ya gusa a cikin tabon. A lens mai 50mm, duk tafiyar daga iyakar nesa zuwa mita 1 kusan milimita 3 ce kacal. Kuskuren milimita 0.05, wato rabin kaurin takardar rubutu, yana kawar da fokas da kimanin santimita 1.5 idan abin ɗauka yana nisan mita 1. A wannan nisan kuwa, zurfin wurin da ke fitowa garau bai wuce santimita 4 ba idan ƙofar hasken lens na buɗe a f/2, a f/1.4 da ta fi buɗewa ma bai cika 3 ba. Ka nufi ƙwayar ido, hoto ya kama kunne.

Shaidu uku kake da su: tabon tsakiya, lambobin nisa da ke jikin lens, da hoton da ke sauka inda fim yake kwanciya. Aikin duka shi ne a ji ta bakin kowanne daban, a ga wanda ya saɓa wa sauran. Kafin nan kada sukundireba ta kusanci kyamarar. Akan kai wa masu gyara kyamara a rikice don mai ita ya murɗa sukurun jikinta alhali laifin na lens ne.

Fara da nagatif ɗin da ke hannunka

Nagatif za ka duba, ba hoton da aka turo maka a waya ba. Ɗora shi kan haske, ka sa gilashin ƙara girma mai ninki 8 ko 10. Sikana, musamman mai shimfiɗaɗɗen gilashi, tana da nata matsalar fokas. Idan a hoton sikana ƙwayoyin fim ɗin kansu sun narke sun zama kunu, a nagatif kuma gashin gira ya fito ɗaya-ɗaya, kyamararka lafiyarta lau.

Tambayar da za ka yi wa kowane hoto ita ce: akwai inda ya fito garau? Idan bangon baya ya fito, fuska ba ta fito ba, fokas ya faɗa baya. Idan maɓallin riga ko hannun da aka miƙo ya fito, ya faɗa gaba. Idan babu ko'ina, layuka kuma sun ninku biyu sun ja gefe guda, rawar hannu ce, ba fokas ba. Idan gefe ɗaya na hoto ne kullum ke lalacewa, wani abu ya karkace: mazaunin lens, ko wani gilashi a cikinsa. A rubuta wane lens ne, wane nisa, wace ƙofar haske. Kuskuren da ke faɗawa waje ɗaya kullum na ƙarfe ne. Wanda ke yawo, yau gaba gobe baya, sau da yawa daga ido ne ko daga hannun ma'auni da ya daskare.

Ga wani ƙaramin abu da ke kunyata mutane: lens masu shigewa ciki, irin Elmar 50mm f/3.5, Summitar da Industar-22, sai an zaro su duka an murɗa sun kulle. Idan ba su kulle ba, tabon zai haɗu yadda ya saba, fim kuwa ya tafi a banza.

Idonka

An saita tagar leƙen Leica M a diyofta −0.5, wato lambar ƙarfin gilashi irin ta tabarau. Mai shekaru da ya fara buƙatar tabarau don karatu zai iya ganin tabon ba tar ba, ya riƙa tsayawa kusa da daidai yana zaton ya kai. Ana sayar da 'yan gilasan gyara da ake ɗaurawa a tagar. Zorki 4 da FED 2 suna da ɗan hannun daidaita ido a sama, kuma yakan goce cikin jaka ba a sani ba. Ka saita shi har gefen abubuwa ya fito fes. Ido kuma ya tsaya a tsakiyar taga, domin a wasu kyamarori leƙe ta gefe yana gusar da hoton na biyu. Goge tagogin gaba da ƙyalle mai laushi. Madubin ciki mai raba haske kuwa, a irin su Yashica da Canonet, kada ka goge shi, shafensa kan biyo audugar ya bar ka ba tabo sam.

Gwajin iyakar nesa

Ɗora kyamara kan ƙafa-uku. Murɗa lens har ya tsaya a alamar ∞, mai kama da takwas a kwance. Nemi abu mai miƙaƙƙen layi a tsaye da ke nesa ƙwarai: ƙarfen sabis na kamfanin waya ko hasumiyar masallaci da ta kai kilomita ɗaya. Wata ya fi su duka. Gidan da ke mita 100 bai isa ba, don lens mai 50mm na buƙatar matsawa kusan milimita 0.03 kafin ya kama shi, fiye da rabin kuskuren da kake farauta ke nan. Hazon hunturu da rawar iskar tsakar rana suna ɓata wannan gwaji, a yi shi da sassafe ko da dare. Rana kuwa kada ka nufe ta ko kusa: lens zai tattara haskenta ya huda labulen ƙyalle na Leica, Zorki ko FED cikin ɗan lokaci.

Duba tabon. Ko hotunan biyu sun haɗu cif a lokacin da lens ya tsaya, ko sun kasa haɗuwa, ko sun haɗu tun kafin ya tsaya har sun wuce juna. Maimaita da duk lens ɗin da kake da shi. Idan duka sun nuna giɓi iri ɗaya, ma'aunin jikin kyamara ne. Idan ɗaya ne ya fita daban, shi za a tuhuma.

Za ka iya tarar da hoto ɗaya ya ɗan haye sama da ɗayan. Wannan gocewar ta tsaye ba ta canza nisan da ma'auni ke faɗa muddin layin da kake saitawa a tsaye yake. Amma a kan layi mai karkata tana ruɗin ido, kuma tana hana tabon yin wannan tsayuwar ta farat ɗaya da ke sanar da kai an kai. Ta cancanci gyara, sai dai ba ita ce ke kai fokas kunne ba.

Hannun ma'auni yana bin lens kuwa?

Manna ɗan farin salatif a zoben fokas. Saita wani abu a mita 2 sau biyar kana tasowa daga nesa, kana yin ɗigo a salatif kowane karo, sannan sau biyar kana tasowa daga kusa. Ɗigon su taru wuri guda. Idan sun rabu gida biyu, giris ya bushe a hannun ma'aunin, sifirin ya kasa dawo da shi da sauri, ko kuma murɗin lens ya yi sako-sako. Cire lens, tura rolar a hankali da yatsa ka sake ta. Ta dawo nan take, ba jan ƙafa. Kada ka ɗiga mai, zai bi ya hau gilasan ciki. Wankewa take so.

Gilashi mai hazo a mazaunin fim

Wannan ne gwajin da ke raba gardama. Buɗe bayan kyamara ba fim, sa shota a B, saitin da ke barin ta a buɗe muddin ana danne da maɓalli, riƙe ta a buɗe da igiyar latsawa mai kulli. Za ka ga dogayen tudun ƙarfe guda huɗu, biyu sama biyu ƙasa. Na ciki su ne fim ke kwanciya a kai, na waje kuma farantin matsa fim ke zama a kansu, kuma sun ɗara na ciki tsayi da kimanin milimita 0.2. Gilashinka ya hau na ciki kawai, fuskarsa mai hazo tana kallon lens. Idan ya yi faɗi ya hau na waje, ka shigo da kuskuren da ya ninka wanda kake nema sau huɗu. Tsohon allon fokas na kyamarar SLR, wato wadda ake leƙawa ta cikin lens ɗinta, da aka yanke daidai ya wadatar. Idan babu, a manna salatif mai hazo a jikin ɗan gilashi shafaffe, ɓangaren salatif ɗin ya kalli lens. Salatif shi kaɗai a miƙe tsakanin tudun yakan lotsa, ba a dogara da shi.

Buɗe ƙofar haske duka, lulluɓe kanka da baƙin ƙyalle, duba da gilashin ƙara girma. Lens na kan ∞, ga abin da sakamakon ke nufi:

- Gilashi ya nuna garau, tabo bai haɗu ba: ma'auni ne ya goce, ko zoben gindin lens.
- Tabo ya haɗu, gilashi bai nuna garau ba: gilasan lens ba sa zaune a tazarar da ta dace da fim. Ko woshar da ke cikin lens, siririn zoben da ke daidaita wannan tazarar, ce ba daidai ba, ko mazaunin jikin kyamara.
- Duka biyun sun kasa kaiwa: lens bai zauna sosai ba, ko adafta ta yi kauri, ko wani ya taɓa kwance murɗin fokas ya mayar da shi ta bakin da ba nasa ba.

Batun adafta na da ɗan sirri. Tazarar mazaunin lens zuwa fim milimita 28.8 ce a tsohuwar Leica mai murɗi, wadda ake murɗa mata lens kamar sukuru, 27.8 a Leica M, don haka adaftar da ke haɗa su milimita 1 ce cif. Idan ta ɗara haka, lens mai 50mm ba zai kai iyakar nesa ba, amma duk inda tabo ya haɗu hoto zai fito daidai, saboda zoben gindinsa da gilasansa tafiya ɗaya suke yi. A lens mai 90mm gilasan na tafiya kusan ninki uku na zoben, sai fokas ya faɗa baya. A mai 35mm kuma ya ɗan faɗo gaba. Mutum sai ya ɗora wa lens biyu laifi alhali zobe ɗaya ne mai araha. A auna shi da maikuromita a wurare uku ko huɗu.

Leica masu murɗi, da FED da Zorki na farko, ta ƙasa ake zura musu fim, bayansu ba ya buɗewa. Su sai gwajin fim.

Gwajin kusa a kan fim

Daidaito a nesa bai tabbatar da daidaito a kusa ba, domin tsawon hannun ma'auni shi ke ƙayyade yawan gusawar tabo a kowace milimita. Tsayar da kwali mai baƙin layi a tsaye, yana fuskantar kyamara sak. A gefensa jingina rula a karkace, digiri 45, lamba 15 tana daidai da fuskar kwalin. Kwalin za ka saita, ba rular ba, don tabon yana rufe santimita da yawa na rula mai karkata, ba za ka san wacce ka kama ba. Auna mita 1 da tef daga inda fim yake, ba daga bakin lens ba. Wasu kyamarori na da alamar da'ira da layi ya ratsa ta a sama, nan ne wurin.

Sa fim mai laushin ƙwaya, irin Ilford Delta 100 ko Kodak T-Max 100. Ga kowane lens, ɗauki uku a buɗe duka, kana kawar da fokas kana sake saitawa kowane karo. Sannan, ba tare da taɓa fokas ba, ɗauki ɗaya-ɗaya a f/2, f/2.8, f/4 da f/5.6, kana rage saurin shota daidai da haka. Maimaita na buɗe dukan a mita 3 da kuma nesa. Kowane hoto a sa 'yar takarda a ciki mai sunan lens da lambar ƙofar haske, don bayan wanki ba mai tunawa. Da yake rular a karkace take, abin da ka karanta a kanta ka ninka shi da 0.7: gocewar santimita 3 a rula, santimita 2 ce a zahiri.

M3 da Leica masu murɗi suna bin lens zuwa mita 1 ne kawai, M2 da na bayanta zuwa 0.7. Akwai sababbin lens da ke saukowa 0.5. Ƙasa da iyakar kyamara rolar ta rabu da zoben, tabon ya tsaya cik, lens kuwa yana ci gaba da tafiya.

Inda ba abin da ya lalace, amma hoto na gocewa

Lens ɗin Tarayyar Sobiyat a kan Leica ko Canon su ne suka fi rikita mutane. An gina ma'aunin Leica a kan lens mai tsawon milimita 51.6. Jupiter-8 da Jupiter-3 kuwa daga ƙirar Sonnar ta kamfanin Zeiss suka samo asali bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma sun riƙe ma'aunin Contax, kyamarar Zeiss, na wajen milimita 52.4. Murɗin ɗaya ne, suna ɗauruwa lafiya, a nesa ma daidai suke. A mita 1 fokas na faɗawa baya da kusan santimita 3, wanda a f/1.5 ya fitar da ido gaba ɗaya daga wurin da ke garau. Masu gyara kan ƙara wosha ta kimanin milimita 0.1 a bayan gilasan. Kusa ya gyaru, amma a ∞ lens zai tsaya a wajen mita 27, sai an rage ƙofa zuwa f/4 kafin nesa ta dawo. Ciniki ne, ka zaɓi nisan da ka fi ɗauka. Irin wannan saɓanin yana tsakanin Nikon S da Contax: baki ɗaya, ma'auni daban.

Na biyu, gusawar fokas idan an rage ƙofar haske. A wasu lens masu faɗin ƙofa, hasken da ke shiga ta gefen gilashi da wanda ke shiga ta tsakiya ba wuri ɗaya suke haɗuwa ba. Ka rage ƙofa, ka yanke na gefe, fokas ya ja baya. Jerin hotunan f/2 zuwa f/5.6 da ka ɗauka shi zai nuna wannan: wurin da ke garau yana tafiya baya a kan rula, sai wajen f/5.6 zurfi ya rufe gocewar. Zeiss C Sonnar 50mm f/1.5 ya yi suna da haka. An fitar da na farkonsa a saite don f/2.8, saboda haka a f/1.5 yana kama gaba kaɗan. Ba a gyara wannan, sanin halinsa ake yi, a ɗan sunkuya gaba ko a ja baya.

Na uku, saitawa da tsakiya sannan a juya kyamara don a tsara hoto. Juyin digiri 15 a nisan mita 1 yana barin fokas santimita 3.4 a bayan abin da ka saita. A nesa ko a f/8 ba a gani. A kusa, a buɗe, gara ka zame da jikinka gefe maimakon juya kyamarar.

Na huɗu, ƙarfin ma'aunin kansa, wato tazarar tagogin biyu a ninka da girman da taga ke nunawa. M3 ta 1954 na da milimita 68.5 da ninki 0.91, ya ba da kusan 62. M6 mai 0.72 na da kusan 50. Leica CL ba ta kai 19 ba. Lens mai 90mm f/2 a kan CL zai riƙa kamawa yana kuskurewa ko da komai na cikin saiti, kuma ba sukurun da zai magance haka.

A manyan kyamarori masu fim 120 a ƙara duba kwanciyar fim. Mamiya 7 da Fuji GW690 suna da farantin da ake juyawa tsakanin 120 da 220, a bar shi inda ba nasa ba tazara ta canza. Kyamarori masu naɗewa kuma, buɗe su da ƙarfi kan sa zugazugin ya tsotso fim gaba. A buɗe a hankali, a naɗa fim bayan an buɗe, dab da ɗauka. A girgiza allon da ke riƙe da lens da yatsa, in yana motsi, ƙafafunsa sun saki.

Idan an tabbatar, me za a taɓa?

Idan shaida ta nuna lens ne, ƙa'idar mai sauƙi ce: fokas na faɗawa baya a kowane nisa, gilasan sun yi kusa da fim, a ƙara wosha. Yana faɗawa gaba, a rage. Kada a murɗa ma'aunin kyamara don a bi son lens ɗaya, sauran duka za su goce.

Idan jikin kyamara ne, iyakar nesa ake fara gyarawa. A Leica M sukurun yana tsakiyar rolar, mai tsaga a tsofaffin, mai cin alanki na milimita 2 a sababbi. Ba ɗaurewa yake yi ba, gusar da rolar yake, don haka juyin da ido da ƙyar zai gani ya isa. Yi alama inda yake tun farko, tallafi hannun kada ya lanƙwashe, juya kaɗan, mayar da lens, duba watan sama, maimaita. A FED da Zorki sukurun na ɓoye bayan wani sukurun ado kusa da tagar gaba, gyaran kusa kuma da karkata ɗan ƙarfen da ke madadin rola ake yi, na tsaye da juya gilashin zagayayyar taga. Duk taɓa kusa yana ɗan motsa nesa, sai an yi ta kai da komo sau uku ko huɗu kafin duka biyun su zauna. A yi wannan da lens mai 50mm da gilashi mai hazo ya riga ya wanke shi daga zargi, sannan a tabbatar da lens mafi tsawo da kake da shi.

Tsawon hannun Leica M, gyaran tsaye na M6 da ke bayan jan tambarin gaba, da mazaunin da ya karkace bayan faɗuwa, waɗannan na mai gyara ne da ke da na'urar auna iyakar nesa. In za ka aika, haɗa kyamarar da lens ɗin da ka fi amfani da su, da nagatif ɗin rula, da takardar da ta nuna santimita nawa kowanne ya goce, gaba ko baya, a wane nisa. Idan ta dawo, musamman in ta sha jijjiga a mota ko babur, sake gwada ta da watan sama da kwalin mita 1 kafin ka zura fim mai muhimmanci.